Cinikin biri a sama: nasiha ga masu jiran sabon gem

Assalamu alaikum 'yan uwana masu buga gem, musamman ƙannena da suka shigo harkar a 'yan shekarun nan.

Duk sanda wani kamfani ya saki bidiyon tallar sabon wasan intanet irin na takubba da tsafi da dodanni, wanda dubban mutane ke haɗuwa a duniya ɗaya, abu guda nake gani yana maimaita kansa. Bidiyon bai wuce minti uku ba, amma kafin gari ya waye kowa ya gina nasa wasan a ka. Wannan zai zama attajiri mai jiragen ruwa, wancan har ya raɗa wa rundunarsa suna, wani kuma ya rantse cewa wannan karon kam an zo binne World of Warcraft, shahararren wasan irin wannan da ya daɗe yana tashe. Ni ma na sha yin wannan zumuɗin, na kuma sha kwana da takaici, shi ya sa nake so mu yi maganar tun biri yana kan bishiya, kafin wani ya zaro kuɗi.

Mu fara da bidiyon kansa. Irin wanda ake nuna jarumi yana tsalle daga kan ganuwa yana sare dodo, sau da yawa fim ne kawai, kuma ba lallai masu gina wasan ne suka yi shi ba. Shahararrun bidiyoyin tallar The Elder Scrolls Online, wani kamfanin zane ne daban mai suna Blur Studio ya shirya su. Ba yaudara ba ce, aikin talla ke nan. Kai ne dai ka yi wa rogo kallon kitse. Abin da za ka nema shi ne bidiyon da wani ke riƙe da wasan yana bugawa na tsawon rabin sa'a ba yankewa, ka ga yadda ake tafiya, yadda ake faɗa, yadda allon yake cika da rubutu da lambobi.

Alƙawarin baki ma haka. A 2013 aka nuna wa duniya EverQuest Next: ƙasa da za ka iya farfasawa ka haƙa rami ka faɗa wani kogo, dodanni masu wayo da za su yi ƙaura da kansu idan 'yan wasa sun matsa musu. Mutane suka yi ta murna. A watan Maris na 2016 aka soke shi, kamfanin ya ce da suka haɗa sassan sai suka tarar wasan ba daɗi. Ƙaninsa Landmark, wanda aka sayar wa masu ɗoki da tikitin shiga da wuri har na kusan dala 100, an rufe shi a farkon 2017. Blizzard da kanta, kamfanin da ya yi World of Warcraft, duk da kuɗinta da gogewarta, ta shafe kimanin shekara bakwai tana gina wani wasa mai suna Titan, ta watsar da shi a 2014, daga ɓaraguzansa aka tsamo wasan Overwatch. Idan haka ta faru da manya, to idan wani ya ce ka biya yau don wasan da zai fito baɗi ko baɗin baɗaɗa, ka san cinikin biri a sama kake yi. Ban ce haramun ba ne ka tallafa wa aikin da ya burge ka, amma ka ba da abin da in ya tafi ba za ka yi rashin barci ba.

To a ce ya fito. Ranar farko fa?

Wata shekara na ɗauki hutun kwana biyu a wurin aiki saboda wani wasa, ba sai na kama suna ba. Na sauke shi tun kwana uku kafin ranar, na tsara jarumina a takarda har da launin gashi. Da lokaci ya yi na danna shiga, sai allo ya ce ni ne na dubu huɗu da wani abu a layi. Na zauna ina kallon lamba tana sauka kamar ɗigon famfo. Bayan kusan sa'a uku ta iso goma sha biyu, na gyara zama, na sa abin ji a kunne, sai wani ɗan akwati ya fito tsakiyar allo: an katse. Na sake dannawa, na koma dubu shida. Hutuna ya ƙare ban wuce ƙauyen farko ba.

Daga baya na gane ba tsautsayina ba ne ni kaɗai, haka harkar take. New World na Amazon da ya fito a watan Satumba na 2021, a kwanakin farko mutane sama da dubu 900 ne suke ciki lokaci guda a Steam, dandalin saye da buga gem a kwamfuta, layi ya yi tsawo har aka dinga buɗe sababbin sabar, wato manyan kwamfutocin da duniyar wasan ke zaune a kansu. Ba a yi wata nawa ba jama'a suka ragu, aka koma ana haɗe sabar da suka zama kufai. A Disamban shekarar, cunkoso ya sa Square Enix ta dakatar da sayar da Final Fantasy XIV na ɗan lokaci, a daidai lokacin da duniya ke ƙarancin ƙananan sassan kwamfutar da za a ƙara sabar da su. Ka ji fa, kamfani ya ce a daina ba shi kuɗi. Dalilin a fili yake: taron makon farko ba shi ne taron wata na uku ba, kuma ba mai son ya gina masauki ɗari saboda baƙin kwana bakwai. Don haka kada ka ɗauki hutu, kada ka tsallake darasi, kada ka ɓata da kowa saboda ranar farko. Sannan ka duba inda sabar take. Saƙo a cikin wayar gilashi mai ɗaukar intanet yana tafiyar kusan kilomita dubu 200 a daƙiƙa, in sabar tana nesa da kai da kilomita dubu shida, zuwa da dawowa kaɗai zai ci daƙiƙa 0.06 kafin a ƙara jinkirin hanya. A wasan da kaucewa sara take buƙatar ƙiftawar ido, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba gyaran da kamfani zai yi ya rage nisan duniya.

Wani zai ce ai ko ya fito da matsala za a gyara, ga Final Fantasy XIV nan. Gaskiya ne, a 2010 ya fito a lalace, aka ɗora Naoki Yoshida a kan aikin, aka kashe sabar a Nuwamban 2012, aka sake gina shi ya dawo a Agustan 2013, yau yana cikin manya. Amma ana yawan ba da labarinsa ne saboda irinsa ba shi da yawa. Warhammer Online ya fito a 2008 da ganguna, aka rufe shi a ƙarshen 2013. WildStar ya zo a 2014, bai ga ƙarshen 2018 ba. Ranar da aka kashe sabar, dokinka mai fuka-fuki da gidan da ka ƙawata da takobin da ka yi wata biyu kana nema duk sun tafi. Haya kake yi, ko da ka biya da tsada.

Maganar kuɗi kuwa tambaya ɗaya ce: daga ina za su ci? Wasan da ke karɓar kuɗin wata, kamar dala 15 da aka daɗe ana biya a World of Warcraft, ka san inda ka tsaya. Wanda aka ce kyauta ne, buɗe shagon cikinsa ka duba. In riguna da ado yake sayarwa, da sauƙi. In ƙarfi yake sayarwa, ko ya tsananta wahalar hawa mataki don ka gaji ka saya, to hakurinka ne hajar. Akwatin sa'a da za ka biya ba ka san abin da ke ciki ba, tun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce wasu daga cikinsu caca ne. Ni ma ban ga wani suna da ya fi dacewa da su ba.

Yanzu bari in zo inda na fi so mu tsaya, domin duk abin da na faɗa a baya laifin wasu ne ko yanayin sana'a, wannan kuwa namu ne.

Mu masu jiran wasan ba abu ɗaya muke jira ba. Tun 1996 Richard Bartle, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri kakan waɗannan wasanni a Jami'ar Essex ta Ingila, ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu son tara nasara, masu yawon gano lungu da saƙo, masu zuwa don hira da abota, da masu jin daɗin murƙushe wasu. Duka huɗun suna kallon bidiyo ɗaya, kowa yana ganin an yi shi ne dominsa. Mai son farauta yana so a bar shi ya tare hanya ya kashe kowa ya kwashe kaya, mai saran itace yana so ya kai itacensa gari lafiya. Ba yadda za a yi duka biyun su samu yadda suke so cif. Ultima Online da ya fito a 1997 ya gwada barin kowa ya yi abin da ya ga dama, masu kisa suka addabi jama'a, har a 2000 aka raba duniyar biyu, aka yi ɓangaren da ba a kai wa mutum hari sai da yardarsa, yawancin mutane suka koma can. A wasan nan dai masu shi sun tsara dawa mai rai, ciyawa ta ciyar da barewa, barewa ta ciyar da kyarkeci. Richard Garriott, jagoran waɗanda suka ƙirƙiri wasan, ya sha ba da labarin yadda 'yan wasa suka shigo suka karkashe duk abin da ke motsi, tun kafin wani ya lura da tsarin, dole aka cire shi. An ba mu abin da muke cewa muna so, mu muka cinye shi ɗanye.

Haka batun kewar da. Kullum sai ka ji manyanmu suna cewa a dawo mana da wasa irin na da, mai wuya, mai sa mutum ya nemi ɗan uwansa. A Agustan 2019 Blizzard ta dawo da World of Warcraft kusan yadda yake a farko. Ragnaros, bos, wato babban dodo, na wuta da sai mutum arba'in sun taru a kansa, a zamanin farko sai da aka yi kimanin wata biyar da fitowar wasan kafin wata runduna ta kayar da shi. A 2019 ko mako bai cika ba aka gama da shi. Dodon bai canja ba, mu ne muka canja. Yanzu kafin wasa ya fito an tone cikinsa a gwajin beta, wato gwajin da ake barin wasu su buga tun kafin a sake shi, an zana taswirar komai, an yi lissafin wace sana'ar jarumi ce ta fi ƙarfi, an zuba a YouTube. Ka kalli duka wannan, ka bi hanyar da wani ya shata maka, ka kai matakin ƙarshe cikin kwana goma ba barci, sannan ka fito kana cewa wasan fanko ne, ba abin mamaki a ciki. Yankin da mutane da yawa suka yi watanni suna ginawa, kai ka ratsa shi a yammaci ɗaya ba ka karanta ko layi ɗaya na labarin ba. Ba kamfanin da zai iya gini da saurin da muke rushewa. Abin da kake kewa ma, in ka duba da kyau, ba wasan ba ne. Lokacin da kake da shi ne a wancan zamani, da abokan da yanzu kowa ya kama gabansa, da rashin sanin abin da ke bayan tsaunin can. Wannan na ƙarshe kaɗai za ka iya dawo da shi, ta hanyar ƙin leƙa amsa.

Rabin wasan nan mutane ne, ku ne. Na taɓa shiga kogo da mutum huɗu da ban sani ba. Mai maganinmu, wato mai warkar da mu in an ji mana rauni, sabo ne, tun a ƙofa ya rubuta cewa yau ya fara, a yi haƙuri da shi. A bos na biyu muka mutu gaba ɗaya. Nan take wani mai takobi biyu, wanda shi ne ya tsaya cikin wuta har jininsa ya ƙare, ya shiga zazzaga masa zagi, ya ce ya goge wasan ya huta. Yaron bai ce uffan ba, sai muka ga sunansa ya dushe. Muka yi tsaye a bakin kogo kusan rabin sa'a muna cigiyar wani mai magani, mai zagin yana ta ƙorafi wai wasan ya mutu, ba mutane. Ban san ko yaron ya sake shiga ba. Masu gina wasan ma haka: in abu ya lalace, rubuta abin da ka danna, da inda kake, da abin da ya faru, wannan shi ke kai gyara. Bin ma'aikaci har shafinsa ana zaginsa da iyalinsa saboda an rage wa sandar tsafinka ƙarfi rashin tarbiyya ne, ko da kana da gaskiya a kan sandar.

Sai lokaci. An gina irin waɗannan wasanni ne don kada su ƙare: aikin yau, ladan mako, bikin wata, duk don ka ji in ka yi fashin kwana ɗaya an bar ka a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtuka, ba don yawan sa'o'i kawai ba, sai in ya kai mutum ya kasa riƙe linzami, karatu da aiki da iyali suna lalacewa yana gani bai daina ba. Ka yanka wa kanka sa'o'i tun wasan bai fito ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In rundunarku ta ce sai ka zo dare huɗu a mako ko a cire ka, nemi wata, suna da yawa.

Ni dai in ya fito mako biyu zan ba shi layi ya lafa, in leƙa shagonsa, in tambayi wanda ya kai mataki na talatin ba wanda ya ga bidiyo ba. In na shiga, mai magani zan ɗauka kamar kullum. Duk wanda muka haɗu a kogo, don Allah ya fita daga cikin wuta.