Ranar da kwamfutata ta yafe wa kowa bashi a Mile 12

Kun dai san Alhajinmu na kasuwar Mile 12 a Legas, mai sauke tumatir daga Arewa. Shi ne ya sa ni na haɗa masa shafin lissafin bashi da JavaScript, yaren rubuta manhajar shafukan intanet: fayil ɗaya na sunaye, ɗaya na yawan kwanduna, ɗaya na farashi. A ɗakina a Agege komai tsaf, don duk suna cikin kwamfutar.

A rumfa kuwa sai da intanet ɗin waya. Sunaye suka sauko, kwanduna suka sauko, farashi ya maƙale kamar danfo a Ketu da yamma. Burauza kuma, manhajar buɗe shafin, ba ta da haƙuri: in ka ba ta fetch uku, wato umarnin ɗauko fayil, tura su take yi ta wuce layi na gaba, ta yi lissafi da abin da ta tarar. Ba ta tarar da farashi ba, ta buga kowane kwando da sifili.

Ga shi Alhaji ya tara jama'a su ga ci gaba, har da waɗanda ake bi. Ya gyara tabarau, ya kai hanci kusa da allon, ya karanta da ƙarfi: "Wane, kwando arba'in, sifili." Ya sauko ƙasa, sifili. Mutumin nan da ke ɓuya tun azumi ya miƙe ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji!" Aka amsa da amin har rumfar masu albasa. Alhaji ya cire tabarau a hankali ya dube ni. "Ɗana, nawa suka ba ka?" Gumi na bin bayana, ina ta danna maɓalli ɗaya.

Sai yaron nan mai POS, wanda ba a kira ba, ya leƙo ta kafaɗata da rake a baki. "Oga, ai Promise.all za ka sa, sai duka ukun sun iso a fara lissafi. Amma ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi, sai dai allSettled, shi yana jiran kowanne, ko ya iso ko ya faɗi." Yaron da har yau yake riƙe min canjin naira 200! Kullum ya ce babu ƙananan kuɗi, amma yana da bakin koya min aiki a gaban Alhaji. Ruwan raken ma sai da ya ɗiga min a kan madannai, harafin M har yanzu danƙo yake.

An dai gyara. Alhaji ya ce a bar littafin bashi a kusa tukuna.