Kugen da muke bugawa da fatar baki

Da zarar zaɓe ya ƙarato sai ka ji 'yan jarida suna cewa "an buga kugen siyasa". Amma tara matasa ka ce su zana maka kuge, ka ga ikon Allah. Wani ganga zai zana, wani kakaki.

Kuge ƙarfe ne, aikin maƙera. Siffarsa kamar ƙararrawa, sai dai babu ɗan ƙarfen nan mai lilo a cikinsa. Sau da yawa biyu ne a haɗe, a riƙe da hannu guda, a doke shi da ƙaho. Kayan fada ne, ba na gidan biki ba. A da, in an kaɗa shi, to sarki na da magana, ko shela ko fita yaƙi. Daga nan maganar "kugen yaƙi" ta fito, 'yan siyasa suka ara.

Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne ɗabi'ar wasu 'yan uwa, duk kalmar da suka gani sai sun nemo mata kaka a Larabci. Algaita kam mun yarda, daga Arewacin Afirka sunanta ya zo. Amma kuge? Haba malam! A ganina kunne ne ya raɗa masa suna. Ku saurari 'yan uwansa: akayau da masu rawa ke ɗaurawa a ƙafa, kacau-kacau, ita kanta ƙararrawa. Faɗin sunan kawai ka ji ƙarar ƙarfen.

In ma dangi za a nema masa, kudu ya kamata a duba, ba gabas ba. Inyamurai na da ogene, Ewe na Ghana na da gankogui, Yarbawa na da agogo, duk ƙarfe ne da ake doka da sanda. Na Yarbawan ma ya yi tafiya mai nisa: bayin da aka kwashe suka kai shi Brazil, har yau ana kaɗa shi a kiɗan samba da wannan suna. Mu kuma muka ari kalmar muka liƙa wa abin duba lokaci. Agogon da ke hannunka, asalinsa sunan kugen Yarbawa ne.

Masu cewa Larabci ne, ga fili nan, a kawo mana kalmar da aka samo shi daga gare ta.