Gyaran mota ne ko canki-canka?

Wallahi abin da ake yi wa masu mota a wasu garejojin garin nan ya isa a fito a yi magana. Mutum ya kai motarsa da matsala guda takamaimai, ba mai tsayawa ya gano inda ciwon yake, sai a yi ta sauya kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsa har Allah ya sa a dace. In ba a dace ba a ce masa ai motocin yanzu ne, duk lantarki ne, sai haƙuri. Na gaji da jin wannan magana, kuma da ɓacin rai nake wannan rubutu.

Hilux gare ni mai giyar hannu, irin wadda aka fara fitarwa daga 2015, wadda ake sa mata fowil, wato jan taya huɗu, da maɓallin murɗawa, ba da ƙaramin sandan nan na tsofaffin ba. Ba don ado na saye ta ba. Shinkafa nake nomawa a wajen Kura, kuma taki da iri da injin ban-ruwa duk a bayanta suke barin Kano. Duk wanda ya san cikin gonakin Kadawa a watan Agusta ya san da zarar ka sauka daga titin Zariya ka yi sallama da kwalta, sai laka mai danƙo da ramukan da tarakta ta bari. Fowil ɗinta mataki biyu ne, H4 da L4, kuma a irin wurin nan L4 take da rana. H4 tana haɗa tayoyin gaba da na baya su ja tare, shi ke nan aikinta. L4 kuwa rage gudu take yi ta ninka ƙarfin ja sama da sau biyu da rabi, mota ta riƙa rarrafawa da kaya a hankali, taya ba ta yi ta juyi a banza ba, kai kuma ba ka ƙona kuloci ba. Motar manomi da ba ta shiga L4 da damina, rabin amfaninta ya tafi.

To tawa ta daina shiga. H4 lafiya ƙalau, amma in na tsaya cak, na taka kuloci har ƙasa, na danna maɓallin na murɗa zuwa L4 kamar yadda littafin motar ya ce, sai fitilar ta yi ta ƙiftawa, ba ta tsaya ba, ba ta mutu ba, daga ƙasa kuma ba ka jin ƙarar shigar giya. Haka ta kafe mini da buhunan yuriya a baya, ga hadari ya haɗo. Sai da samarin ƙauyen suka sauke kayan a ka, laka har gwiwa, muka lulluɓe da tamfol, duk da haka buhunan ƙasa sun sha ruwa. Wanda ya san yuriya ya san abin da ruwa ke yi mata, kuma ya san kuɗin buhu a yanzu. Tarakta ce ta fizgo mu bayan magariba.

Garejin farko da na je, ogan ko sunkuyawa bai yi ba. Yana zaune a kan benci ya saurare ni, ya ce, "Alhaji, giyabos ne, sai an sauke." Na ce, "Malam, da me ka gane?" Ya ce shekararsa nawa a wannan aiki. To shekarunka na amfana mini me in ba ka duba ba? Giyabos ɗin da ke shiga daga ɗaya har shida ba gardama, shi za a sauke saboda fitilar L4 na ƙiftawa? Na ja motata na fita.

Na biyun ya fi shi iya baki, shi ya sa ya fi shi yi mini ɓarna. Ya sa kwamfutarsa, ya danna nan ya danna can, ya goge abin da ta nuna ba tare da ya faɗa mini me ta ce ba, sannan ya yanke hukunci cewa ƙaramin motan lantarkin da ke manne a jikin akwatin fowil, wanda ke tura giyar ciki, shi ne ya ƙone. Aka tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo tokumbo. Tun da aka saki naira a 2023 kowa ya san yadda kayan Hilux suka koma, na biya ina ciwon zuciya. Sai da suka sauke akwatin suka raba shi, domin sandan motan nan har ciki yake shiga. Motata ta kwana ta wuni a kan duwatsu, ƙusoshinta a cikin gwangwanin madara, ƙura na sauka a kan haƙoran giya a buɗe, lokacin zuba taki yana wucewa, ina hayar a-kori-kura tana sauke mini kaya a bakin titi ana ƙarasawa da babur. Da suka gama haɗawa, L4 tana nan yadda take, H4 ɗin da nake lallaɓawa da ita ma ta bi sahu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ashe yaron ya buɗe murfin motan don ya leƙa, ƙananan haƙoran da ke ciki suka goce daga saitinsu, ya mayar yadda ya ga dama. Abin nan in za ka buɗe shi sai ka yi alama, domin da zaman haƙoran nan ne kwamfutar mota ke sanin ko tana H2, mai jan tayoyin baya kawai, ko H4 ko L4.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shawarar da ya biyo ni da ita. Wai, "Ranka ya daɗe, mu cire farfelar gaba kawai ka huta, har mai za ta rage sha." Na kawo maka mota don fowil ba ya aiki, maganinka shi ne ka cire sandan da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, ka kashe fowil ɗin gaba ɗaya? Da na ƙi, sai ya ce to a tura ta H4 da hannu a bar ta a haka din-din-din. Wannan kuma kisan mota ne. Fowil ɗin Hilux ba a yi shi don busasshiyar kwalta ba. Gaba da baya a ɗaure suke su juya daidai wa daida, alhali wajen shan kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. A laka taya na zamewa ta sauke nauyin, a kwalta kuwa ba inda za ta zame, sai farfela da aksul da akwatin su yi ta murɗuwa. Ka yi ta zagaya shataletalen cikin gari a haka, wata rana za ka ji abu ya ce ƙas. Mutumin da bai san wannan ba yana karɓar Hilux ɗin mutane, har da yara goma a ƙarƙashinsa suna koyon aiki. Kuma ina shawartar duk mai sayen Hilux ta hannu ya durƙusa ya leƙa ƙasa da idonsa, domin irin wannan shawara ba a kaina aka fara ba ta ba.

Wani dattijon rewaya ne a wajen Hotoro ya raba ni da wannan masifa, Allah ya saka masa da alheri. Bai ce mini komai ba sai da ya gama dubawa. Ya fara da fis, ya gwada batir, ya sa yaronsa ya taka kuloci yana auna ko saƙon na isa, sannan ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi da mita da tocila. Can ya ce, "Zo ka gani, ɗana." Ya zare soket ɗin da ke kai wuta ga motan, ya haska mini. Ciki duk laka ce ta bushe, ƙafa ɗaya ta yi kore shar da tsatsa, da ya taɓa ta da tsinke sai ta gutsure. A gefe kuma siririn tiyon da abin ke shaƙar iska da shi ya tsage, ta nan ruwa ke samun hanya. Ruwan gona, ruwan da ke kwanciya a layukan unguwanninmu duk damina, da na masu wankin mota da ke harba tiyo mai ƙarfi a ƙarƙashi. Ya sauya ƙafar soket, ya sa sabon tiyo ya ɗaga bakinsa sama, ya mayar da haƙoran nan saitinsu. Man akwatin ma da ya kwance ya gani, baƙin man inji waɗancan suka ɗura maimakon man giya. Ya juye ya zuba na gaskiya. Na murɗa maɓalli, fitila ta ƙifta ta tsaya. Kuɗin da ya karɓa bai kai abin da na ba mai tarakta ba.

Wato soket ɗin nan hannun waɗancan ya cire shi, hannunsu ya mayar, ba wanda ya kalli cikinsa. Wannan ba rashin kayan aiki ba ne, mita ba ta fi ƙarfin kowane gareji ba. Rashin damuwa ne da dukiyar mutane, da kuma sanin cewa ribar tana wajen sayo kaya, ba wajen bincike ba. Na san akwai masu gyara na kirki a Kano, dattijon nan shaida ne. Na kuma yarda da yawansu a kan Fijo da Golf suka koyi aiki, mota ta canza ba wanda ya sake koya musu. To in ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka tura ni gaba. Meye abin kunya a ciki? Dattijon har nasiha ya ƙara mini kyauta, cewa littafin Toyota ya ce a riƙa tafiya da fowil aƙalla kilomita 16 a wata don mai ya zagaya kayan gaba, kuma tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, ba a haɗa wannan tokumbo da wancan ba. Duk zaryar da na yi a garejin can ba wanda ya ambaci ko ɗaya.

Yanzu rigimar da ta rage ita ce ta motan lantarkina na asali, wanda ya zo da motar daga kamfani, wanda ya tabbata lafiyarsa ƙalau. Na koma karɓa, oga ya ce a tambayi yara, yara suka ce an zuba a kayan gwangwan. Ƙarya ce, ba mai zubar da irin wannan abu a gwangwan, dukkanmu mun san inda ya tafi kuma wani bawan Allah zai saye shi a matsayin tokumbo. Ya ce in yi haƙuri, a bar wa Allah. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka ci kuɗin aiki ba ka yi ba, ka ɓata abin da ke da kyau, sannan ka riƙe kayana? Na riga na kai maganar gaban shugaban ƙungiyarsu na yankin, da rasit ɗin Ƙofar Ruwa da gutsurarriyar ƙafar soket a ƙulle cikin leda. An sa mana ranar Asabar bayan la'asar. Ko ya fito da kayana, ko ya biya kuɗin tokumbon da ya sa na saya a banza, in kuma ƙungiya ta kasa, kotu tana nan.