Igiyar saje da jarrabawa ake samunta, aninin sama kuma fa?

Jama'a duk sanda aka tayar da maganar 'yan sandan jihohi a dandalin nan sai kaji wani ya ce ai a Amurka kowane yanki da nasa jami'an tsaron kuma ga shi suna zaune lafiya. Eh gaskiya ne kowane yanki da nasa, amma ni abin da ke damuna shi ne ba ma leƙa cikin gidan mu ga yadda ake hawa muƙami a wajensu, waye ke ɗaga mutum, waye ke danne shi, me ake biyansa, kuma me ake tambayarsa in abu ya lalace. A nan ne duk alherin tsarin da sharrinsa suke, ba a motar sintiri mai walƙiya da muke gani a bidiyo ba.

Amurka tana da yankunan da suke kira kaunti sama da 3,000, kusan kamar ƙananan hukumomi amma da yawansu sun fi namu iko nesa ba kusa ba. A mafi yawansu babban jami'in tsaro shi ne sherif, kuma ba gwamna ne ke naɗa shi ba, ba shugaban ƙasa ba, mutanen yankin ne ke zaɓensa da ƙuri'a, galibi duk shekara 4. Ba ko'ina ba dai, Alaska ba su da shi, Connecticut sun soke kujerar a 2000, amma a mafi yawan sauran wurare haka abin yake. Aikin ofishinsa kuma ya wuce kama ɓarawo. Su ke riƙe da gidan yarin kaunti inda ake ajiye masu jiran shari'a da masu ƙaramin hukunci, su ke gadin kotu, su ke kai sammaci, su ke fitar da ɗan haya in alƙali ya ba da umarni, sannan su yi sintiri a ƙauyuka da unguwannin da ba su da 'yan sandan birni. Wato mutum ɗaya da ya ci zaɓe yana riƙe da mabuɗin kurkuku da ƙofar kotu da titi gaba ɗaya.

Toh yanzu batun ƙarin girma. Bari in ɗauki kauntin Los Angeles da ke jihar Kalifoniya don nasu shi ne ofishin sherif mafi girma a ƙasar, tun 1850 yake, yankin yana da mutum kusan miliyan 10, kuma birane 42 daga cikin 88 na yankin ba su da 'yan sandan kansu, kwangila suke ba ofishin sherif ya tsare musu gari. Tsanin nasu haka yake: ƙaramin jami'i, saje, laftanar, kyaftin, kwamanda, cif, mataimakin sherif, na biyun sherif, sai shi oga. A matakan ƙasa abin yana da tsari wallahi, kuma wannan ɓangaren ni yana burge ni. Ba wanda zai kwana ƙaramin jami'i ya tashi saje don kawunsa babban mutum ne. Sai ka cika shekarun aikin da aka gindaya, ka zauna jarrabawar rubutu kan doka da ƙa'idojin aiki, ka shiga gaban kwamiti a jefo maka matsala ka warware da baki, a duba fayil ɗinka, sannan a fitar da jerin suna bisa maki, daga saman jerin ake ɗauka. A Kalifoniya ma in ka samu igiyar ba ka gama ba, dole cikin shekara guda ka yi kwas na awa 80 kan jagorantar na ƙasa da kai, in ka kai laftanar akwai wani na awa 104. Masu rabo a cikinsu ana tura su makarantar FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya, da ke Quantico su yi sati 10.

Akwai wani maƙwabcina da ke wannan aiki a wata kaunti, lokacin da yake shirin jarrabawar saje na ga abin da idona. Mutum ya kwana aikin dare ya dawo ido jajur, maimakon ya kwanta sai ya baje takardu a teburin gareji, 'yarsa tana riƙe da ƙananan katuna tana karanto masa tambaya yana amsawa. Ya ce min ɗan'uwa, jarrabawar rubutu ba ta ba ni tsoro, na baki ce matsala, za su ce maka ga yaronka da kuka yi shekaru kuna sintiri tare ya kawo rahoto cewa fursuna ne ya faɗi ya fasa baki, kai kuma ka ga alamar ba faɗuwa ba ce, me za ka yi. Kuma wannan fa shi ne ainihin aikin saje. Shi ne mutum na farko da ke karanta rahoton duk wani amfani da ƙarfi, shi ke zuwa wajen, shi ke magana da wanda aka ji wa ciwo, in ya sa hannu ya wuce to ƙarya ta samu hatimi. Laftanar shi ke riƙe da ofis gaba ɗaya a lokacin aikinsa, tsakar dare duk abin da ya faru wuyansa ne. Kyaftin kuwa an damƙa masa caji ofis sukutum ko gidan yari guda, kasafin kuɗi, horo, ladabtarwa, zama da shugabannin unguwa, duk nasa ne.

Amma daga kyaftin zuwa sama labari ya fara canzawa, kuma nan ne inda raina ke ɓaci. Maki ya rage nauyi, yardar oga ta ƙara nauyi, can ƙololuwa kuwa naɗi ne zalla, sherif ya ɗauko wanda ya ga dama ya sauke wanda ya ga dama. A wasu jihohin irin su North Carolina ma ba sai sama ba, doka ta ba sherif ikon ɗauka da korar jami'ansa yadda ya so. Shi kuma ogan nan ɗan siyasa ne, yana buƙatar kuɗin kamfen, yana buƙatar masu manna fosta, yana buƙatar goyon bayan ƙungiyar ma'aikata. Kotun ƙolin Amurka tun 1976 ta shiga maganar, a shari'ar wani sabon sherif na kaunti ɗin da Chicago ke ciki wanda aka sallami ma'aikata a ƙarƙashinsa don ba 'yan jam'iyyarsa ba ne, kotu ta ce ba a korar ƙaramin ma'aikaci saboda jam'iyya, a 1990 ta ƙara da cewa ƙarin girma da canjin wurin aiki ma haka. Amma an bar ƙofa ga muƙaman da ake cewa na tsara manufa ne, kuma ta wannan ƙofar ake shigo da komai.

Ku dubi abin da ya faru a Los Angeles ɗin zamanin Lee Baca, wanda ya riƙe kujerar daga 1998 zuwa 2014, da na biyunsa Paul Tanaka. Shi Tanaka yana babban jami'i a ofishin kuma yana magajin garin Gardena a lokaci guda, ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa suna zuba kuɗi a kamfen ɗinsa. Kwamitin da aka kafa kan dukan fursunoni ya fitar da rahoto a 2012, kuma cikin abin da ya gano har da yadda ma'aikata suka yi imanin cewa biyayya ga Tanaka ce hanyar samun ƙarin girma, da yadda yake ƙarfafa wa yara gwiwa su yi aiki a bakin iyakar doka. Wani abu a rahoton nan ya tsaya min a rai. A 2006 kyaftin ɗin da ke riƙe da babban gidan yarin maza na tsakiyar birni ya lura yaransa sun fara zama gungu-gungu a wasu benaye, duka ya yi yawa, sai ya kawo shawarar a riƙa juya su daga wannan ɓangare zuwa wancan don a wargaza gungun. Yaran suka tsallake shi suka kai ƙara sama, Tanaka ya soke tsarin, ba a jima ba aka ɗauke kyaftin ɗin daga wajen. Dan Allah ku tsaya ku yi tunani, mutum ya yi daidai abin da aka ba shi anini don ya yi, shi aka matsar. Duk wani laftanar da ke kallo a ranar ya koyi darasin da ba ya cikin kwas na awa 104, ya gane in kana son hawa to ka kama bakinka.

Ƙarshen abin bai yi kyau ba. A 2011 jami'an ofishin sherif suka gano FBI na da mai ba ta labari a cikin fursunoni, sai aka shiga ɓoye mutumin ana canza masa suna ana yawo da shi daga wannan wuri zuwa wancan, har aka tura saje biyu ƙofar gidan jami'ar FBI ɗin suna mata barazanar kamu. Waɗanda suka fara shan ɗauri a 2014 su ne na tsakiya da na ƙasa, laftanoni da saje-saje da ƙananan jami'ai, mutanen da suka ce umarni aka ba mu. Tanaka ya samu shekara 5 a 2016, Baca shekara 3 a 2017. Ni tausayin da nake ji na saje-sajen nan ne duk da sun yi laifi, domin shekarun da suka kwashe suna karatu da aikin dare duk sun tafi a kan umarnin da ya kamata su ce a'a.

Wannan ya kawo ni kan maganar kuɗi, wadda mutane da yawa ke gani kamar ɓarna ce. Babban jami'i a irin waɗannan wurare yana da albashi mai kyau, inshorar lafiya shi da iyali, hutu da biya, ƙarin alawus in yana da digiri ko babbar takardar ƙwarewa, wasu har motar zuwa gida, kuma wata dokar tarayya ta 2004 ta ba wanda ya yi ritaya da mutunci damar ɗaukar bindigarsa a ɓoye a faɗin ƙasar in ya cika sharuɗɗa. Amma uwa uba fansho. A Kalifoniya bayan wata doka ta 1999 wurare da yawa sun koma tsarin kashi 3 cikin 100 na albashin ƙarshe a kan kowace shekarar aiki, ana iya fara karɓa daga shekara 50, kaga wanda ya yi shekara 30 zai tafi gida da kashi 90 na albashinsa har ya mutu. Nauyin ya yi wa gwamnatoci yawa, daga 2013 sababbin shiga aka mayar da su kashi 2.7 a shekara 57, aka kuma sa wanda aka samu da babban laifi a kan aikinsa ya rasa abin da ya tara tun daga ranar laifin. Ni ra'ayina wannan kuɗi halas ne kuma ya kamata a biya. Mutumin da ya san tsufansa a tsare yake, ya san asibitin matarsa a biye yake, shi ne zai iya kallon oga ido cikin ido ya ce ranka ya daɗe wannan ba zan sa hannu ba. Sai dai fa tunda da albashin ƙarshe ake lissafin fansho, anini ɗaya a shekarun ƙarshe na aiki kuɗi ne na har abada, to in wannan aninin yana aljihun mutum ɗaya ɗan siyasa, abin da aka tanada don ya 'yanta jami'i shi ne ya koma igiyar da ake jansa da ita.

Wani zai ce ai zaɓe na nan, in sherif ya lalace a kayar da shi. Ana kayarwa kam. A Los Angeles ɗin a 2018 Alex Villanueva, wanda a laftanar ya yi ritaya, ya kayar da Jim McDonnell yana kan kujera, abin da aka yi sama da shekara 100 ba a gani ba a yankin. Yana shiga ya sauke manyan jami'ai 18, ya sa na tsakiya su sake miƙa takardunsu a duba su. Shi ma a 2022 Robert Luna ya kayar da shi, kuma a wannan zaɓen mutane suka amince majalisar kaunti ta iya tsige sherif in mutum 4 cikin 5 suka yarda akwai dalili. Duk wannan yana nuna jama'a ba barci suke ba, amma yana kuma nuna kowace shekara 4 makomar kyaftin da kwamanda na iya juyawa ba don aikinsu ya canza ba sai don mai kujera ya canza.

Mu a Najeriya mun taɓa yin 'yan doka na En'e, iyayenmu sun san yadda aka yi amfani da su a kan 'yan NEPU kafin gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya bayan 1966. Yanzu da ake son dawo da tsaro kusa da gida ni ban ƙi ba, wanda ya san daji da yaren mutane ya fi baƙo amfani, wannan ba gardama. Abin da nake so in gani a rubuce cikin dokar kafin in tafa shi ne waye ke riƙe da jerin ƙarin girma. Ina so jarrabawa da maki su kai har matakin mai riƙe da caji ofis, a liƙa sakamakon kowa ya gani, hukumar da ke yin ta kada gwamna ya iya rushe ta da sanarwa ɗaya, a haramta wa jami'i zuba ko sisi a kamfen ɗin wanda ke sama da shi, kuma duk wanda za a ɗaga a fara buɗe fayil a ga mutum nawa aka daka a sel lokacin da yake riƙe da wajen da abin da ya yi a kai. Fansho kuma a ajiye shi a asusun da ba gwamna ke sa hannu duk wata ba, mun ga yadda tsofaffin ma'aikatan jihohi ke layi da sanda a hannu suna jiran haƙƙinsu.