Wai karatu ya wuce mai furfura?

Yana damuna in ji dattijo cikin nadama yana cewa, "Ni kam karatu ya wuce ni, sai dai 'ya'yana." Yana da hujjarsa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hadda ta fi saurin zama a kan yaro. Amma saurin hadda daban, iya koyo daban. Babba ya san abin da ya kai shi, ga haƙurin maimaitawa. Don manya aka kafa Yaƙi da Jahilci a Arewa a shekarun 1950, kuma sun koya. Wata maƙwabciyarmu ta shiga Islamiyyar matan aure da jikokinta bakwai a duniya. Da tabarau take bin baƙi da yatsa, shafi guda kan ci mata mako. Yanzu tana izu na biyar.