Mu daina zaunar da tsofaffinmu

Jama'ar Jos, akwai maganar da nake so mu rage yi. Duk ranar da dattijo ya zame a bayi ya karye a ƙugu, sai mu ce "ai tsufa ne", mu yi jaje, a kira mai ɗori, shi ke nan. Ƙaddara gaskiya ce, babu musu. Amma kafin ranar me muka yi? Mu ne masu cewa "Baba, zauna ka huta", "Inna, bari a ɗauko miki". Da sunan ladabi muka zaunar da su har ƙafa ta mutu. Ku shiga masallatan unguwanninmu, daga Gangare har Anguwar Rogo, ku ga yadda kujerun roba suke ƙaruwa a gefen sahu. Wasu masu sallah a kansu ko shekara 60 ba su kai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma in aka cire hatsarin hanya babu tsautsayin da ya fi ta kisa. Waɗanda suka haura 60 su ne suka fi mutuwa ta wannan hanyar. Shi ya sa hukumar take cewa mai shekara 65 zuwa sama ya riƙa motsa jikin da zai ƙarfafa ƙafa da tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako. To wane irin motsa jiki? Ba za ka ce wa Hajiya mai ciwon gwiwa ta je filin wasa na Rwang Pam ta yi gudu ba. Ba za ka tura Malam ɗaga ƙarfe ba.

A nan ne nake ganin taici, wani motsa jiki na mutanen Sin da ake yi a hankali, ya dace da mu, kuma ba labari aka ba ni ba, ina cikin masu yi. Muna haɗuwa da safe a filin wata makarantar firamare ranakun da babu yara, kowa da rigar sanyinsa, don kun san safiyar garin nan. Mai koya mana matashi ne da ya taɓa yin karate. Babu tsalle, babu naushi. Za ka sassauta gwiwa kaɗan, bayanka a miƙe, ka mayar da nauyinka gaba ɗaya kan ƙafa guda, sannan ka ɗaga ɗayar a hankali, ka ajiye diddige tukuna, yatsu su biyo baya. Hannaye suna yawo a gaban ƙirji tare da numfashi. Mai kallo daga waje zai ce ba komai ake yi ba. Ya shigo ya gwada minti goma, zai ji cinyoyinsa suna rawa.

Akwai wata uwa a cikinmu, tsohuwar malamar makaranta. Farkon zuwanta ba ta iya ɗaga ƙafa sai ta dafa bangon aji. Yaron nan yakan tsaya gefenta yana cewa, "Mama, kar ki yi gaggawa. Nauyinki duka a hagu tukuna. Sai kin ji ta dama ta zama babu komai a kanta, sannan ki ɗaga." Ita kuma ta ce, "To ɗana, tsaya kusa dai." Yanzu a tsakiyar fili take tsayuwa, tana ɗaga gwiwa ta riƙe, babu bango babu sanda. Abin da ya fi faranta mata rai, in ji ta, tsallake kwatar ƙofar gidanta ba tare da ta kira jika ba. Ni wannan ya fi mini duk wata lambar yabo.

Abin ba sabo ba ne. Asalinsa dabarar faɗa ce daga ƙauyen zuriyar Chen a lardin Henan na ƙasar Sin, tun ƙarni na 17. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar ta tsara taƙaitaccen salo mai motsi 24 don talaka ya iya koya, shi ne muke bi. A 2020 hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Likitoci ma sun gwada shi. A 2018 an buga wani bincike da aka yi a jihar Oregon ta Amurka kan tsofaffi 670 masu haɗarin faɗuwa: waɗanda suka yi taici sau biyu a mako na wata 6, faɗuwarsu ta yi ƙasa da ta masu miƙe jiki kawai da kashi 58 cikin 100. Wani binciken kuma a birnin Boston na Amurka a 2016 ya nuna yana sauƙaƙa ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa daidai da yadda gashin ƙashi na asibiti yake yi.

Na san tambayar da take zukatan wasu, don an yi mini ita: ba bauta ba ce? Tambaya ce mai kyau, ban raina ta ba. Gaskiya ne tsoffin malamansa sun ɗora bayaninsa kan falsafar mutanen Sin. Amma a filinmu ba a rusuna wa kowa, ba a kiran sunan komai, ba a kunna turare. Gwiwa ce da ƙugu da numfashi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya gayyato malaminsa ko fastonsa ya zo ya gani da idonsa, sannan ya yanke hukunci.

Kuma kada wani ya ce na ce magani ne. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, mai jiri ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara.

Me ya sa nake nacewa a kan yi cikin jama'a, alhali bidiyonsa cike yake a YouTube? Saboda waya ba ta ganin gwiwarka ta karkace, ba ta riƙe ka in ka yi tangal-tangal, kuma ranar da sanyi ya hana ka fitowa ba za ta aiko a duba ka ba. Mu muna aikawa. Sannan a garin da rikici ya raba unguwanni tun 2001, ni na ga dattijo mai carbi da dattijo mai zuwa coci suna gyara wa juna tsayuwa, suna tambayar juna ya gwiwa. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

Inda muka gaza shi ne mata. Iyayenmu mata su ne suka fi fama da ciwon gwiwa da raunin ƙashi, amma da yawansu ba za su fito fili cikin maza ba, kuma suna da hujja. Ana iya yin taici da hijabi da zani, a tsakar gida ko harabar Islamiyya, abin da babu shi ne macen da za ta koyar. Don haka ina roƙon 'yan matanmu da suka karanci aikin jinya ko gashin ƙashi ko ilimin motsa jiki, ko biyu ne su zo su koya. Shugabannin makarantun Islamiyya kuma ku ba su aron harabarku awa ɗaya ranar Alhamis ko Juma'a da safe, lokacin da babu karatu.