Wai Kiki Bertens ce ta yi ciwon ƙarya?

Har yau akwai masu maimaita zargin Sara Errani, wai abokiyar karawarta Kiki Bertens, 'yar wasan tanis ta Holan, ƙaryar ɗaurewar tsoka ta yi a wasansu na Roland Garros, babbar gasar tanis ta Faris, a 2020. To sannunku likitocin Facebook. Mace ta yi sama da awa 3 a fili, ta ci 7-6, 3-6, 9-7, aka fitar da ita a keken guragu tana kuka, ku kuma daga kan katifa kun gano lafiyarta ƙalau.

Tambaya ɗaya ce: ƙaryar me za ta saya mata? A dokar tanis, ɗaurewar tsoka ba ta cikin abin da ake ba wa hutun jinya na minti 3. Wanda ya gurɗe ko ya ji rauni shi ake tsayar wa da wasa. Mai ɗaurewar tsoka sai dai a matsa masa a daƙiƙa 90 na canjin gefe, ko daƙiƙa 120 na tsakanin turmi da turmi (wato set), shi ma an ƙayyade sau nawa. In ba za ki iya kaiwa lokacin ba, sai ki sarayar da maki har a kai. Agogon daƙiƙa 25 na bugun farko kuma bai san kina ciwo ba. Wato mai ƙaryar ɗaurewar tsoka ta zaɓi ciwon da ba ya biyan ko sisi. Da ƙarya take so, ai sai ta kama gwiwa ta karɓi minti 3 ɗinta.

Sai su ce ai tana ɗingishi, da an buga ƙwallo kuma ta sheƙa da gudu. Haka ciwon yake, malam! Tsoka ta ƙulle na ɗan lokaci, ta saki, ta sake ƙullewa. Tana cikin gudu jiki na da zafi, sai ta tsaya abin ya kama ta. Shi ya sa bayan maki na ƙarshe, da ta zauna, tashi ya gagara. Ku haɗa da yanayin shekarar: korona ta sa an kai gasar ƙarshen Satumba, Faris da sanyi da danshi, sabuwar ƙwallon kamfanin Wilson ta yi nauyi a jar ƙasa, kowane maki sai an ja shi. Turmin ƙarshe kuma a lokacin ba a yanke shi da bugun raba gardama, sai an ba da tazarar wasa 2, shi ya kai su 9-7.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba su ma san wa suke zargi ba. Wannan ce ta ci kofi 10 na WTA, ƙungiyar tanis ta mata, a wasan mutum ɗaya-ɗaya, tun daga na Fas a Maroko a 2012. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Roland Garros a 2016, Serena Williams ce ta tare ta. Aka ce ba ta iya komai sai a jar ƙasa, ta je Cincinnati a 2018 ta doke Simona Halep a fili mai tauri. A Madrid 2019 ba ta bar wa kowa turmi ko ɗaya ba, ta hau ta 4 a duniya, inda babu macen Holan da ta taɓa kaiwa, har Betty Stöve da ta tsaya a ta 5. Bayan wannan gasa ta Faris aka yi mata tiyata a agara, ba ta sake dawowa daidai ba, ta ajiye wasa bayan Olamfik na Tokiyo a 2021 tana da shekara 29. Wallahi abin tausayi ne.

Masu cewa ai ba ta taɓa cin babbar gasa ba, mun ji, wannan wata magana ce, ku ajiye ta.

Ita kuwa Errani da ta tsaya kwaikwayon ɗingishin mutane, a ranar bugun farkonta ya watse har sai da ta koma bugawa ta ƙasa. Kuma ita ce a 2017 aka samu haramtaccen magani a jikinta, ta ce maganin mahaifiyarta ne ya faɗa cikin abinci. Dakatarwar wata 2 aka fara yanke mata, kotun wasanni ta mayar da shi 10.